Ka Daina Ce Wa Likita Da Sauƙi

Assalamu alaikum.

Maganar da ke cikin takardar nan tawa ce, ni uwarka, amma hannun na Malama Saratu ne, maƙwabciyarmu, matar marigayi Malam Yohanna. Ita ta koya maka baƙi a firamare, ka san rubutunta, kada ka ce wani ne ya ƙaga. Na ce mata ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ta gyara mini Hausa. Ta ce ta ji, amma in na zagi wani za ta ajiye biro. Na ce to, mu je zuwa.

Ina gaishe ka. Ina taya ka murnar aikin da ka samu a Jalingo. Allah ya sa alheri ne ya kira ka, ya sauke ka lafiya, ya kare ka daga sharrin hanya da na mutanen hanya, ya haɗa ka da maƙwabta na kirki. Amin. Gaisuwa ta ƙare, gyara zama.

Za ka ce gida ɗaya muke, me ya kawo takarda. Kai ma ka sani. Kai ne ɗan fari, ban taɓa kama sunanka ba, ban taɓa zaunar da kai na dubi tsabar idonka ba. Haka muka tarar ana yi. In ina da magana da kai, ko in aiki Rabi ƙanwarka, ko in faɗa wa tukunya kana wucewa ka tsinta. In kuma a waya ne, "To Inna, to Inna" kake yi mini har katin ya ƙare. Wannan maganar ta fi ƙarfin aike.

Bilkisu matarka ta gaya mini abin da ka yi ranar da ta raka ka asibiti. Kada ka ɗaga kai ka harare ta, ni na matsa mata sai da ta faɗa. Ta ce likita ta tambaye ka ya ƙaiƙayin, ka ce da sauƙi. Ta tambaye ka fitsari, ka ce lafiya lau. Ta tambaye ka cin abinci, ka ce alhamdulillahi. Kai! Kai da kake goga bayanka a jikin ƙyaure kamar akuya ta sami katanga, har fentin wurin ya goge? Kai da matarka take wanke singiletinka da ɗigon jini a jiki saboda susa? Kai da tuwonka yake dawowa rabi? Ina zaune bakin ƙofata ina tsintar wake, ka ɗauka ban gani. Kallonka ne ban yi, gani kam ina gani. Farin idonka ma na gan shi ranar da ka sunkuya ɗaukar buta, ya koma ruwan ɗorawa.

Kuma Bilkisu ta ce tun daga ranar ba ka sake takawa asibitin ba. An ce ka dawo a sake ɗibar jini, a sake hoton ciki, don a ga inda ciwon hantar nan ya dosa. Ka ce ka warke. Ka ce Baffanka Sule ya ce wannan duba ne irin na bokaye. Yanzu kuma za ka ɗauki jaka ka tafi garin da ba wanda ya san asalin launin idonka, Bilkisu da yara sai ka sami ɗaki za su biyo ka. Wa zai gan ka a can? Wa zai ce maka ka rame?

To bari in gaya maka abin da "da sauƙi" ya yi mana a gidan nan. Lokacin kana makarantar kwana, abin da ka sani kawai an je an ɗauko ka an ce babanka ya rasu.

Ka san sana'arsa, gyaran keken ɗinki. Telolin Tudun Wada har da na unguwar Kongo, in keke ta ƙi, wurinsa suke kawowa. Ciwon ya fara masa kamar shawara, ido ya yi ɗorawa, ya tafi, ya dawo. Mutane suna zuwa dubiya, "Malam ya jiki?" Ya ce da sauƙi. Wannan ba laifi. Mai dubiya lemo ya kawo, ba magani ba, da sauƙi ya ishe shi. Amma sai muka ɗauki wannan amsar muka shiga da ita ɗakin likita.

Likitan wani dattijo ne mai tabarau. Ya dubi babanka ya ce, "Malam, bayan gidanka wane launi ne?" A gabana! Na ja mayafi na rufe fuska. Babanka ya gyara hula ya ce, "Likita, lafiya lau." Ni kuwa nake zubar da fo ɗinsa, na san abin baƙi ne wuluk kamar kwalta, warin ma ba irin na mutane ba. Likitan ya juyo ya ce, "Uwargida, haka ne?" Na ce haka ne. Yo me zan ce? An koya mana mace ba ta ƙaryata mijinta a gaban baƙo, balle a kan maganar bayan gida. Mutumin ya daɗe yana kallonmu ta saman tabarau, sannan ya rubuta abin da muka gaya masa.

Sai daga baya na ji cewa baƙin nan jini ne. Wai in hanta ta yi tauri, jijiyoyin wajen maƙogwaro zuwa ciki suna kumbura suna yoyo. Wai da mun faɗa, akwai wata roba mai fitila da ake zura wa mutum a leƙa, a ɗaure jijiyoyin tun ba su fashe ba. Mu muka hana, da ladabinmu.

Saboda haka ka ji. Mai dubiya, ka ce masa da sauƙi. Liman, ka ce masa alhamdulillahi. Ni ma in ka ga dama ka ce mini da sauƙi, na saba. Amma likita ba gaisuwa take yi da kai ba, aiki take yi. In ta ce fitsari, ka ce mata ya yi duhu kamar shayin da ba madara. In ta ce bayan gida, ka faɗi launinsa, ko fari ne ko baƙi. In kunyarta kake ji don mace ce, ka nemi namiji. In shi ma kunyarsa kake ji, ai ka yi karatu a Kongo, ka rubuta a takarda ka miƙa masa ka kau da kai. Ba wanda aka taɓa binnewa don ya faɗi launin kashinsa. Saratu ta ce in ce bayan gida. Na ce ta rubuta kashi.

Sai maganar jarkar nan da ke bayan ƙyaurenka. Kana tsammanin hancina ya mutu? Na san warin nan tun ba ka san kanka ba. Jiƙon Baffanka Sule ne, saiwoyi da sassaƙe, daga Dutsen Abba yake kawowa a bayan babur. Irinsa na dafa wa babanka da hannuna. Duk ranar da za a je asibiti, ana gobe Sule zai iso da ƙunshinsa ya ce a wanke jinin tukuna, don in an auna a ga ya yi kyau. Kamar yadda ake share ɗaki in za a yi baƙi. Babanka ya sha, ya yi ta zawo har ƙafa ta kasa ɗaukarsa, mu kuma muna murna wai dattin ne yake fita.

Bayan wannan akwai wata dabarar da muke yi. In jikin ya yi tsanani, ƙafa ta kumbura, ba ma zuwa. Sai mu ce bari ya ɗan murmure, kada likita ya gan shi haka ya ce sai an kwantar da shi, shago ya zauna a rufe. Sai ranar da ya ji dama, ya yi wanka ya sa babbar riga, mu tafi kamar masu zuwa ɗaurin aure. Likita bai taɓa ganin babanka a ranar wahalarsa ba. Mun nuna masa mutumin da muka ga dama, shi kuma ya ba mutumin nan magani.

Bilkisu ta ce kai ma sai da ka sha jiƙon kafin a ɗebi jininka. Jarrabawa ce da kake son ka ci? Kyauta za a ba ka in jinin ya yi kyau? Wa kake cuta? Ban san me ke cikin saiwoyin nan ba, Sule ma bai sani ba, amma na san duk abin da ka haɗiya hanta ce take fama da shi, taka kuwa ta riga ta gaji. Ka zubar da jarkar nan a kwata. Ka je awo da jikinka yadda yake. Ranar da aka sa maka, ka je, ko kana jin kamar ka yi dambe. Ranar da jikin ya ƙi, ka je, ko ba a sa maka rana ba.

Ga wadda ta fi ci mini rai. Can wajen ƙarshe, da cikinsa ya fara tara ruwa ba dama a ɓoye, likitan ya sa babanka ya jira a benci, ya kira ni da Sule. Ya ce abin ya yi nisa, kuma yadda yake gani sauri yake yi. Ya ce a dawo da shi ba da daɗewa ba a leƙa cikin, kuma ya kamata shi mai jikin ya sani. Muna fitowa Sule ya tare ni a baranda ya ce, "Hajara, kada ki kuskura. In yaya ya ji wannan maganar, ita za ta kashe shi kafin ciwon." Na bi. Babanka ya ce, "Me ya ce muku?" Sule ya ce, "Ya ce ana samun sauƙi."

Mutumin nan ya koma shago da ƙarfin gwiwarsa. Sallah ta matso, ya karɓi kekunan mutane har ba wurin sa ƙafa. Akwai saɓanin da ke tsakaninsa da Goggonka Laure ta Giwa, uwa ɗaya uba ɗaya, sun daɗe ba sa ga maciji a kan gonar gado. Kullum sai ya ce bayan Sallah zai je da kansa su shirya. Ina ji, na san abin da likita ya faɗa, na ce masa Allah ya kai mu. Asibitin ma ba mu mayar da shi ba, don in mun ce a koma da wuri zai tambayi dalili.

Sallar ba ta ƙaraso ba, wata rana da hantsi aka aiko daga shago. Na tarar da shi a ƙasa tsakanin kekunan mutane, jini ya cika tasar da yake wanke ƙarafa a ciki, ya malala har bakin ƙofa. Idonsa biyu. Ya dube ni ya ce, "Ashe ba sauƙi ba ne." Abin da ya ce ke nan. Kafin a sami mota ya daina magana. Laure ta zo ta tarar da shi a cikin likkafani, har yau in ta gaishe ni ba ta kallon fuskata.

Ban ce da ya sani da bai mutu ba. Rai na Allah ne. Amma da ya sani da ya je Giwa. Da ya kira ka daga makaranta ya gan ka. Da bai kwashi aikin da ba zai gama ba. Mun ɗauke masa sanin abin da ke jikinsa kamar wani ƙaramin yaro, muna cewa tausayi ne. Kai kuma ba wanda ya ɓoye maka, kai kake ɓoye wa kanka. Wannan ya fi namu muni.

Yanzu ga Sule ya dawo da sabuwar waƙa. Kwanan baya ya zo, ya jingine babur a zaure, ya shigo yana gyaran murya. Ka san akwai wasa tsakanina da shi, ƙanin miji ne, amma ranar ba wasa na yi ba. Ya ce, "Hajara, ku bar yaron nan ya sarara. Mutum ya zauna a kujera ya ce maka ga inda ciwonka zai kai nan gaba, wannan ai shiga hurumin Allah ne. Me ya raba shi da mai bugun ƙasa?"

Na ce, "Sule, da damina wa ya tsaya a tsakar gidan nan ya dubi gabas ya ce a kwashe shanya, hadarin nan ba zai kai la'asar ba?"

Ya ce, "Wannan daban."

Na ce, "Wa ya kasa kunne a injin motar mijin Rabi ya ce kada a ɗauke ta zuwa Kaduna, ba za ta kai ba? Boka ne kai?"

Ya ce, "Ke dai bakinki ya fi kanki girma tun kina amarya."

Na ce, "Da bakin nan ya yi aiki lokacin yayanka, da Laure tana kallon fuskata. Tashi ka ba ni wuri, kuma in na sake ganin jarkarka a gidan nan a kanka zan juye ta."

Akwai abin da na ƙara masa, Saratu ta ajiye biro ta ce ba za ta rubuta ba. Shi ke nan, shi dai ya ji.

Da ya tafi sai na ce ba zan tsaya ga bakin Sule ko bakin Bilkisu ba. Na ja Saratu muka hau keke mai ƙafa uku muka tafi asibitin. Mun sha zaman benci. Da aka shigar da mu sai na ga likitar taka yarinya ce, ba ta wuce sa'ar Rabi ba. Na faɗa mata ko ni wace ce, sunanka kuwa Saratu ce ta faɗa. Na ce ta gaya mini abin da ta gani a jikinka. Ta ce, "Mama, ɗanki babban mutum ne mai iyali. Abin da ke tsakanina da shi ba zan faɗa ba sai ya yarda." Na ce ni na haife shi. Ta ce, "Na sani, Mama, amma amanarsa ce." Raina ya ɓaci, na fara tattara mayafi. Saratu ta taka mini ƙafa ta ce, "Maman Rabi, zauna, ba faɗa muka zo ba." Na zauna. Na ce, "To kada ki faɗa mini nasa. Faɗa mini na kowa. Yaya kuke sanin inda ciwo zai kai, ku da ba annabawa ba?"

Ta yi dariya ta ce, "Mama, ba mu san ranar mutuwar kowa ba, tawa ma ban sani ba. Amma in kika leƙo ƙofar gida kika ga mutum a bakin titi, kin san inda za shi?" Na ce a'a. Ta ce, "In kika sake leƙowa kika ga ya kai wajen mai shayi, kika kuma leƙowa kika ga ya sha kwana fa?" Na ce, "Kongo za shi, kuma sauri yake yi." Ta ce, "To aikinmu ke nan. Leƙe ɗaya ba ya gaya mana komai. Sai mun sa jinin yau kusa da na watannin baya, hoton yau kusa da na da, sannan mu ce wannan tsaye yake, wannan tafiya yake, wannan gudu yake."

Ta ce akwai na'urar da ake dangwala wa mutum a haƙarƙari, ta faɗi taurin hantarsa. Wannan ban sha wuyar ganewa ba. Da sayar da farfesun kayan ciki na ciyar da ku bayan babanku, hanta nawa na latsa da babban yatsa a wurin mahauta? Mai lafiya laushi gare ta da santsi. Wata kuwa ka ji ta gagau, da ƙuraje a jiki, in mayar wa mahauci abarsa. Na tambaye ta maganar matsarmama da Bilkisu ta ce an yi maka. Ta ce ba za ta ce naka ba, amma a jikin kowa akwai 'yan siraran hanyoyi da ruwan ɗacin nan yake bi daga hanta ya sauka hanji. In suka tsuke sai ruwan ya rasa mafita, ya koma yana cin hantar a hankali, ya shiga jini. Shi ne ƙaiƙayin, shi ne ɗorawar ido. Na san ruwan nan. In ya fashe a tukunya, sai dai a zubar da miyar.

Ta ce ba kowane ciwon hanta ne iri ɗaya ba, ba lallai naka ya zama irin na babanka ba. Wani nasa a hankali yake tafiya, mai shi ya tsufa har ya ga jikoki. Wani kuma gudu yake yi. Kuma da fari su biyun da ƙafarsu suke zuwa aiki, kowa yana cewa ya warke. Jin daɗin jiki ba shaida ba ne. Ta ce jini yana faɗin nasa, na'ura tana faɗin nata, amma akwai abin da sai daga bakin mai jikin, ko susar ta ƙaru, ko ƙafa tana kumbura, ko zazzaɓi yana zuwa da rawar ɗari, ko wando ya fara yi masa yawa. In ya ɓoye wannan, lissafinta ya karkace.

Na ce, "In kin sani fa, sai ki yi me? Ki gaya masa ya sayi likkafani?" Ta ce a'a. In an gani da wuri akwai maganin da ake sauyawa, akwai hanyar da in ta tsuke ake buɗawa, akwai jijiyar da ake ɗaurewa, akwai wanda ake turawa gaba tun da sauran ƙarfinsa. Ba ta yi mini alkawarin za ka warke ba. Shi ya sa na yarda da ita. Sule ne mai alkawari.

To ga abin da za ka yi, kuma ba shawara nake ba ka ba. Kafin ka taka tasha, ka koma wurin yarinyar nan. Ka gaya mata ƙarya ka yi mata, ka faɗi gaskiyar. Ka gaya mata maganar jiƙon. A sake ɗibar jinin, a sake hoton. Ka ce ta haɗa ka da wani likitan a Jalingo, ta ba ka duk awon da aka yi maka a baya ka kai masa, don kada ya fara leƙe daga farko. Ka gaya mata ka yarda a riƙa faɗa wa Bilkisu komai. Sannan ka buɗe baki ka ce, likita, ina abin nan ya dosa? Ka zauna ka ji amsar har ƙarshe, kada ka kama duba waya. In ta ce a hankali yake tafiya, ka gode wa Allah ka ci gaba da zuwa. In ta ce sauri yake yi, ka san abin da ke gabanka, ka san wanda za ka je wa tun kafin Sallah.

A can kuma, masu maganin tasha da lasifika, wanda kwalba ɗaya take maganin basir da hanta da mayu, ko kyauta suka ba ka kada ka karɓa. Ciwon kai ko ciwon jiki, kada ka shiga kemis ka ce a haɗa maka, sai ka tambayi likita. Ka sayi madubi, ka riƙa duba idonka da rana a waje, ba a cikin ɗaki ba. Ka nemi mutum ɗaya mai hankali a wurin aikin ko a masallaci, ka gaya masa abin da ke damunka da inda za a kai ka in ka faɗi. Na san za ka ce tonon asiri ne. Babanka ya mutu da asirinsa a rufe ruf, ban ga abin da ya ƙara masa ba.

Saratu ta ce hannunta ya gaji, ta ce kuma in sa maka magana mai daɗi ko guda ɗaya. To. Kai yaro ne mai kirki, ba ka taɓa ɗaga mini murya ba. Ta rubuta? To a wuce.

Allah ya tsare ka a tafiya da zama. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ciwon nan mai tafiyar hankali ne, ya ba ka ƙarfin zuciyar jin gaskiya ko wace iri ce. Allah ya raya maka 'ya'yanka a gabanka. Amin.

Saura in raba muku haƙƙi, don kada a ce ban faɗa ba. Bilkisu tana binka ban haƙuri, na ji tsawar da ka yi mata ranar da kuka dawo daga asibiti, ka biya ta kafin ka tafi. Ni kuma ina binta gaskiya, duk abin da likita ya ce za ta kawo mini shi yadda yake, na gaya mata. Rabi za ta riƙa kai yara makaranta ranar da Bilkisu ta bi ka awo, Bilkisu ta yi mata hidimar jego har sau biyu, lokacin ramawa ya yi. Baffanka Sule gaisuwa yake binka, ƙanin ubanka ne, ka durƙusa ka gaishe shi ka yi masa sallama. Bayan gaisuwa ba ya binka komai, ko kurɓi ɗaya. Goggonka Laure tana bin gidan nan zuwa Giwa tun na babanka, kai za ka je.

Ni kuwa ban taɓa ce maka ga abin da nake binka na nono ba. Yau zan faɗa. Binnewa nake binka. Kai za ka shiga rami ka karɓe ni, ba ni zan zauna a tabarma ana yi mini gaisuwarka ba. In ka yi duk abin da aka ce, ka faɗi gaskiya, Allah ya ɗauke ka kafin ni, zan yi haƙuri, nasa ne. In kuwa da sauƙi ne ya kai ka, ban yafe ba.

Uwarka,
Hajara, Tudun Wada